Duwatsun Yaya, Ruwan Auta

Duk wanda ya yi karatu a makarantar sakandaren da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya san Malamin Zane, ko da bai taɓa zama a ajinsa ba. Dogo ne, siriri, mai tafiya a miƙe kamar an ja shi da rula, kuma duk tsawon shekarun da ya yi yana koyarwa ba a taɓa ganin ɗigon launi a hannun rigarsa ba. Ya koya wa ɗalibai yadda ake fere fensir, da yadda inuwa take kwanciya a gefen tulu, da dalilin da ya sa abin da ke nesa yake ƙanƙancewa. Ya hukunta masu ha'inci, ya yabi masu ƙoƙari gwargwadon ƙoƙarinsu, ba ya ƙara ko ƙwayar zarra. Da lokacin ajiye aiki ya yi, ya fita da mutuncinsa cikakke, ya kuma san da haka.

A bayan gidansa akwai wani ɗan ɗaki mai babbar taga, nan ya mayar wurin aikinsa. Abin da ya fi so a duk kayan zane shi ne alli mai launi, irin mai taushin nan da yake marmashewa a yatsa, wanda ake gogawa a kan takarda mai kaushi. Yana da akwati guda na wannan alli, kowane launi a gurbinsa, daga fari har zuwa baƙi. Abin da kuma ya ɗora wa kansa zanawa shi ne duwatsun da ke kwance a ƙarƙashin ruwan rafin da ya ratsa ƙasan tsohuwar gada. Da hantsi yakan ɗauki kujerarsa mai naɗewa ya tafi can, ya zauna ya yi ta kallo, sannan ya dawo ɗaki ya zana.

Duwatsunsa ba su da makusa. Yana fitar da tsagar da ke jikin kowanne, da gansakukar da ta lulluɓe gefensa, da tsakuwar da ta maƙale a gindinsa. Baƙi sukan tsaya a gaban zanen su ce, "Kai, Malam, dutsen nan kamar mutum ya miƙa hannu ya ɗauka!" Sai ya yi murmushi ya gode. Amma bai taɓa jin wanda ya ambaci ruwa ba. In ya shafa shuɗi a kai, duwatsun su ɓace kamar an rufe su da zane. In ya rage, su fito a bushe ƙayau. Wata rana maiɗakinsa ta shigo kawo masa shayi, ta leƙa takardar, ta tambaye shi da zuciya ɗaya, "Malam, rafin ya ƙafe ne bana?" Shayin a nan ya huce.

Malam yana da ƙane, ɗan autan gidansu, wanda har furfura ta cika masa kai ba a daina kiran sa Auta ba. Auta ya yi aikinsa ne a babban asibiti, a sashen da ake ɗaukar hoton ƙashi. Rayuwarsa duka ya yi ta yana ɗaga baƙin fim a gaban fitila, yana duban abin da ke ƙarƙashin fata. Da zane kuwa ba su taɓa haɗa hanya ba. Suna yara ya taɓa zana akuya, mahaifiyarsu ta ce teburin ya yi kyau, kuma Malam ya daɗe yana ba da wannan labari a taron dangi. Bayan Auta ya bar aiki hawan jini ya matsa masa, likita ya ce ya nemi abin yi da zai kwantar masa da hankali. Malam ne da kansa ya tara guntayen allin da suka yi masa ƙanƙanta, ya zuba a gwangwanin biskit ya ba shi.

"Riƙe wannan ka rage zaman banza," in ji shi. "Ka fara da launi mai duhu, ka gama da mai haske. Duwatsu tukuna, ruwa daga baya. In akuyar ta sake zama tebur, ka kawo mu ɗora kwanuka."

"To, Yaya," in ji Auta, yana dariya.

Ya riƙa bin wansa rafi, yana zama a kan dutse a bayansa, yana kwaikwayon duk abin da hannun Malam ya yi. Malam ya ji daɗin samun ɗalibi a tsufansa, musamman ɗalibin da ba ya gardama.

Ba a yi damina biyu ba, Auta ya shigo ɗakin zane wata safiya da takarda tsakanin kwalaye biyu. Ya buɗe ta a kan tebur, ya ja da baya yana sosa ƙeya. Malam ya gyara tabarau ya duba. Ruwa ne a takardar. Ruwa ne mai sanyi, garai-garai, yana tafiya. Duwatsun suna can ƙasa, gefensu ya ɗan karkace kamar yadda ruwa mai gudu yake karkatar da abu, a sama kuma wasu 'yan siraran layuka na fari da shuɗi mai haske sun gitta, kowanne an ja shi sau ɗaya an bar shi. Maiɗakin Malam, da ta biyo bayan Auta, ta dafe ƙirji.

"Auta! Kai ka yi wannan? Wallahi har ƙishirwa ta kama ni."

Malam ya bi takardar da ido daga sama har ƙasa. Can ya nuna kusurwar hagu da bakin fensir ya ce, "Inuwar dutsen nan ta faɗi ta gefen da bai kamata ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Ni ban ma lura ba."

"Ta yaya ka ja ruwan?"

"Ni ban ja ruwa ba. Na ga dai ba a ganin ruwa, abin da ke cikinsa ake gani, sai ɗan hasken da ya zauna a kansa. Kamar fim ne a wurin aiki: ba ka kallon naman, amma ka san yana nan."

Malam ya ce, "Hmm." A ransa kuwa cewa ya yi, wato wanda ya zana tebur mai ƙaho ne yau yake yi masa darasi, da guntayen allinsa, a cikin ɗakinsa. Tun daga ranar ya daina biya wa Auta in zai tafi rafi. Ya gwada siraran layukan nan a ɓoye, takarda bayan takarda, amma hannunsa da ya saba gyara kuskuren ɗalibai ba ya iya jan layi ya ƙyale shi. Sai ya koma ya daidaita, ya shafa da yatsa, ya ƙara, har ruwan ya zama laka.

Labarin zanen ya kai tsohon wurin aikin Auta, shugabannin asibitin suka roƙa a ba su shi su rataye a zauren da marasa lafiya ke jiran likita. Malam, wanda makarantar da ya yi wa hidima ba ta taɓa neman ko da ƙyallen takardarsa ba, ya ce ma sha Allah, ya kuma ji kalmar ta yi masa ɗaci a baki.

Auta ya zo ya ce, "Yaya, raka ni wurin mai firam. Kai ka san waɗannan abubuwa, ni ko kusa."

Shagon mai firam yana kan titin da ake sayar da kayan gini, ƙuntatacce, cike da ƙanshin katako da gam. Hotunan aure da takardun shaidar kammala karatu ne suka rufe bangonsa, su ne kuma aikin da ya iya. Ya auna takardar, ya yanka gilashi, ya goge shi da tsumma har ya yi ƙara, sannan ya ɗauko shi zai kifa kai tsaye a kan zanen.

Malam ya san abin da zai biyo baya. Alli mai taushi ba ya bushewa kamar fenti, gari ne kawai zaune a kan takarda. Dole a yanka kwali mai kauri a zagaye zanen da shi, domin gilashi ya tsaya nesa kaɗan. In ya taɓa shi, aka kuma danne da katakon baya, launin da ke sama zai manne wa gilashin. Launin da ke sama a zanen Auta kuwa shi ne ruwan. Wannan ƙa'ida Malam ya maimaita ta a aji har ɗalibai suna kwaikwayon muryarsa da ita.

Mai firam ya ɗago kai ya ce, "Malam, haka ya yi ko?"

Malam ya dubi rufin shagon. "Ga mai zane nan, tambaye shi."

"Ni me na sani?" in ji Auta. "Tunda Yaya bai ce komai ba, ai ya yi."

Gilashi ya sauka. Mai firam ya ɗora katakon baya, ya danna, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi, ya ce a bar shi gam ɗin kusurwoyi ya kama, a dawo jibi.

A gida Malam ya zauna gaban abinci yana juya cokali. Maiɗakinsa ta dube shi irin duban wadda ta daɗe da sanin mutum.

"An sa firam ɗin?"

"An sa."

"Da ɗan kwalin nan da kake hana mu barci a kansa? Na tuna ranar da ka mayar da naka har sau nawa saboda kwalin bai yi kauri ba."

"Zanen ba nawa ba ne."

Ta ajiye jug ɗin ruwa a gabansa da ɗan ƙarfi. "Haka ne. Ƙanen ma ai ba naka ba ne." Ta kwashe kwanukan ta fita.

Washegari, tun mai firam bai gama ɗaga ƙofar shagonsa ba, ya ga Malam tsaye a bakin titi, riƙe da kwali mai kauri da wuƙar yanka takarda.

"Buɗe firam ɗin jiya."

"Malam, ai gam bai..."

"Na ce ka buɗe, maigida. Ka zare ƙusoshin a hankali, kada ka girgiza shi."

Malam da kansa ya sa yatsu ya ɗaga gilashin, a miƙe, ba tare da ya bari ya zame ba. Duk da haka aikin gama ya gama. Siraran layukan fari da shuɗi sun bar takardar sun koma jikin gilashi, duwatsun kuma sun fito fili a bushe. Ya tsaya yana kallon su. Yanzu da ruwan ya janye, sai ya gane su sarai: tsagar nan tasa ce, yadda aka dasa duhu a gindin kowane dutse nasa ne, har karkatar hannun. Auta bai bar ko ɗaya daga abin da ya koya masa ba. Ya sa hannu a aljihu, inda ya zo da farin alli da shuɗi, ya taɓa su, ya daɗe a haka. Sannan ya fito da waya maimakonsu.

"Auta, zo shagon mai firam da gwangwaninka."

Da Auta ya iso ya ga takardar, ya ga gilashin da aka jingine a bango, ya ga kwalin da aka riga aka yanka daidai awo. Ya ɗaga ido ya dubi wansa, irin duban da ya saba yi wa fim a gaban fitila. Malam bai kawar da kai ba.

"To," in ji Auta a ƙarshe. "Rafi ya ƙafe. Yaya, danne mini takardar, hannuna rawa yake yi."

Malam ya danne kusurwoyin. Bai taɓa kallon hannun ƙanensa daga kusa haka ba. Auta ya kwantar da guntun alli ta gefensa, ya ja shi bisa duwatsun da ƙyar yana taɓa takardar, rawar hannun tana karya layin nan da can. Ya ja wani, ya ɗan tsaya, ya ɗiga fari a inda ruwa ke karo da dutse. Malam ya ga wani layi da ya karkace, yatsarsa ta motsa da kanta.

"Yaya, kar ka taɓa."

"Ya karkace."

"Bar shi a karkacen."

Mai firam ya tuntsire da dariya, ya ga fuskar Malam, ya mayar da ita tari. Auta ya jefa allin a gwangwani ya karkaɗe hannu. Ruwan ya dawo, ko da yake wanda ya san na farko zai ce wancan ya fi sanyi. Malam ya ɗora kwalin da hannunsa, ya sa aka yanka sabon gilashi, ya tsaya a kan mai firam har ƙusa ta ƙarshe.

"Wannan tsohon gilashin fa? In wanke?" in ji mai firam.

"Kada ka kuskura. Naɗe mini shi, kada takarda ta taɓa fuskarsa."

Zanen yana zauren asibiti har yau, masu jiran likita suna kallon sa. Malam ya je bikin rataye shi, ya tsaya a baya, ya gaya wa wanda ke kusa da shi cewa inuwar kusurwar hagu ba daidai take ba.

Gilashin kuwa ya kai shi ɗakin zanensa. Ya zaɓo mafi kyau a cikin duwatsunsa, ya zagaye su da kwali, ya ɗora gilashin a kai, garin allin Auta yana daga ciki. Duwatsun suka nutse. Yana tsaye a kansu maiɗakinsa ta shigo da shayi, ta leƙa, ta ce, "A'a, Malam! Yau dai an yi ruwa."

"Ba nawa ba ne," in ji shi.

Ya jawo sabuwar takarda, ya kwantar da alli ta gefensa, ya ja layi ɗaya. Layin ya karkace. Ya tura hannun hagunsa ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, na daman yana sama riƙe da allin, yana hararar layin.