Tsohuwa Mai Hoto a Taron Sojojin Laima

A taron tsofaffin sojojin laima da ake yi duk shekara a garinmu, Kawaminami, a ƙasar Japan, kowa na hira da nasa, ban da wata gajeriyar tsohuwa mai furfura. Ta rungume hoton wani saurayi cikin kayan soja. Ina jin yayanta ne, don goshinsu iri ɗaya.

Tana bin tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. "Gafara dai, ko ka san Nagatomo? Tare kuka dira a birnin Palembang lokacin yaƙi, shi bai dawo ba."

Wani mai sanda ya daɗe yana kallon hoton. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ranar mun yi yawa a sama."

Ta rusuna ta gode, ta goge gilashin da hannun rigarta, ta nufi na gaba. Saura mutum biyu.