Dakta Mika'ilu Beli, Mai Lissafin Ruwan Shuka

Haihuwa da Karatu

An haifi Mika'ilu a shekarar 1956 a garin Beli ta ƙasar Rogo, ɗa ga Malam Sulle manomi da mai ɗakinsa Laure. Ya sauke Alƙur'ani a gida, ya yi firamare a Rogo, sakandare a Kano. A shekarar fari ta 1973 mahaifinsa ya bi ruwan farko ya yi shuka, sama ta ɗauke, iri ya ƙone. Ya sake shuka, irin ya kuma ƙonewa, har rumbu ya zama fayau. Takaicin wannan bai taɓa barin Mika'ilu ba, shi ya kai shi ga ilimin lissafi da yanayi a jami'a.

Aure da Aiki

A 1982 ya auri Saudatu, 'yar Ƙaraye. A 1985 ya samu gurbin bincike a wata cibiya a Turai, mai ɗaya daga cikin gawurtattun kwamfutocin zamanin, wadda ke warwarewa a wuni guda lissafin da mutum zai tsufa bai gama ba. Ya riƙa ɗura mata bayanan iska, zafin teku da ma'aunin ruwan Arewa, yana neman amsa guda: yaushe ruwan shuka na gaskiya ke sauka? Na'urar ta sha yin kuskure, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. In ya zo hutu dattawa kan tsokane shi, "To Dakta, me akwatin naka ya ce?" Sai ya amsa, "Akwati kirdado yake, Baba, sani sai Allah."

Rasuwa

A 1997 ciwon hanta ya dawo da shi Beli. Da ruwan farko ya sauka, ya roƙi jama'a su jinkirta shuka, domin sakamakon da abokan aikinsa suka aiko ya nuna sama za ta ɗauke. Ba wanda ya saurara sai yayarsa Barira, uwar marayu, wadda irinta bai fi na shuka ɗaya ba. Aka yi ta yi mata dariya, sannan sama ta ɗauke.

Allah ya karɓi ransa wata Alhamis cikin Yuni, bai ga dawowar ruwan ba. Aka sallace shi, aka binne shi kusa da mahaifinsa. A makon ne damina ta zauna, Barira ta fita da irinta, kuma da kaka daga rumbunta aka ciyar da iyalinsa. Ya bar matarsa Saudatu da 'ya'ya uku: Lurwanu, Kubura da Ilu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.