Telan da Ya Zargi Matarsa

Shekara ashirin tela yana taka keke a shagonsa na bakin kasuwa, mutum mai saurin yanke hukunci. Da aka yi wa matarsa tiyata a haihuwa ta huɗu, likita ya ce ta huta. Ta kama shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum da safe. Bayan wata goma sai ga ciki.

Tela ya ce, "Kin daina sha ne, kika ɓoye mini."

Ta rantse har da hawaye. Kwana tara bai taɓa abincinta ba.

Ranar awo ya raka ta asibiti, fuska a murtuke. Da nas ta bi diddigi, ashe a watan da ta samu cikin ta yi kwana uku tana amai.

Nas ta ce, "Malam, ƙwayar tana aiki sosai, amma amai kan fitar da ita, ga kuma mantuwa. Cikin mata ɗari masu sha, wajen bakwai kan samu ciki a shekara."

Nan take ya tuna shi da kansa ya riƙe mata roba lokacin aman. A hanya ya karɓi jakarta, ya ce, "Maman yara, na zalunce ki."

Ta sauka lafiya, aka samu mace. Ita ta daɗe da yafewa, shi kuwa har yau in zancen ya taso sai ya sunkuyar da kai.