Kwalba Mai Baƙin Zare

Ƙarfe bakwai na safe Malam Hammawa ya riga ya jingine kekensa a ƙofar sito. Shekara ashirin da biyu ya yi yana duba masarar da ake kawo wa wata masana'antar abincin kaji a nan Bauchi, ta wani Matthias. Ba shi da ofis, benci ne kawai da ƙarfen soke buhu. Sai ya soki buhu ta ƙasa, ba ta sama ba, ya sunsuna, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. In ta fashe ƙas, ta bushe. In ta lotsa, sai ka ga ya ɗago ya dube ka, kuma wallahi wannan kallon ba daɗi.

Daga kowace mota yakan ɗibi tafi guda ya zuba a kwalba, ya rufe, ya rubuta sunan mai kaya da rana da ajami. Wanda ya zo kan lokaci da kaya mai kyau, farin zare a wuyan kwalbarsa. Mai tsakuwa ko danshi ko saɓa alkawari, baƙi. Mu dillalan Kasuwar Muda Lawal har tsiya muke masa, muna ce masa boka mai kwalabe. Ni Alhaji Sabitu na fi kowa baki a wannan tsokanar.

Sai wata damina kajin masu sayen abincin suka fara mutuwa. Matthias ya rikice, ya ce lalle masarar ƙauye ce, a daina karɓar kayan Habibatu. Ita Habibatu manomiya ce a Miri, mijinta ya rasu, buhu goma take kawowa, da su take riƙe gida. In aka ce kayanta ne suka kashe kaji, babu mai sake saye a hannunta a garin nan. Ta zo ta tsaya a bakin sito. Ina wurin ina kallo.

Hammawa ya shiga ya fito da kwalba biyu.

"Oga, ga ta Habibatu, duba," ya ce wa Matthias. Masara fes, yana kaɗawa tana ƙara. "Ga ta Alhaji kuma. Ranar na ce maka da danshi, ka ce kayan Alhaji ba a mayarwa."

Tawa ta yi gumi a ciki, fumfuna ta lulluɓe ta. Matthias aminina ne, mota guda nake kawo masa, kuma kowa ya san zai iya sallamar Hammawa a ranar. Na hau faɗa, na ce sharri ne. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, buɗe ka sunsuna. In ba taka ba ce, ni zan ajiye aikin."

Na buɗe. Tawa ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Matthias ya ba Habibatu haƙuri a gaban kowa, ni kuma aka dakatar da kayana. Na yi wata guda ba na gaida Hammawa. Sai ga shi ranar wata Asabar a sitona, babu wanda ya aiko shi. Ya nuna mini inda kwano ke yoyo, ya ce in ɗaga buhuna daga ƙasa in ɗora kan katako. Aka koma karɓar kayana kaɗan-kaɗan, sai da na tara farin zare na shekara guda kafin ya ce a mayar da ni kamar da. Ko kwana ɗaya bai rage mini ba.

Malam Hammawa, kai ne wanda ka soki buhun mai mota da na mai buhu goma da ƙarfe ɗaya. Ka kunyata ni, sannan ka tako har sitona ka gyara ni. Yau ina alfahari in ce kayana sun bi ta haƙorinka.

Haƙoran nan ne suka gaji, shi ya sa ya ajiye aiki a watan jiya. Habibatu har yanzu tana kawo masara, buhu arba'in ma yanzu. Ta zo sallama da zabi biyu, ya ce shi Fillo ne, ba ya karɓar komai daga mai kawo kaya. Ta ce, "Baba, ai ka yi ritaya." Sannan ya yi dariya ya karɓa.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu karɓar kaya a kamfanoni da makarantu, ku duba kayan abokinku kamar yadda kuke duba na baƙo, ku ajiye shaida, domin wata rana sunan wani zai rataya a kanta.

Ranar sallamar ya ce in zaɓi abin tunawa. Kwalbar nan na roƙa. Tana kan kanta a shagona, kuma duk wanda ya tambaye ni ta wane ne wannan ruɓaɓɓiyar masara, sai in juyo masa da sunan ya karanta da kansa.