Odile da Gyalen Mahaifiyar Gaston

A da, kullum da safe Odile Reynaud takan buɗe tagogin ɗakin aikinta a nan garin Apt, ko da ana sanyi, ta sa safar hannu, ta haɗa koren ruwan maganinta mai warin tsami. Idan ta tsoma hoto a ciki, siririyar fatar da ke saman takardar sai ta kumbura ta saɓule, amma a inda yake baƙi kawai. Wasu na cewa ɓata hoto ne. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi, na san ba duk abin da aka gada ne ya cancanci a bar shi yadda yake ba.

Ina zaune a wurinta ranar da Gaston mai gidan burodi ya kawo hoton auren iyayensa, shi kaɗai ne hoton da ke da fuskar mahaifiyarsa. Uwar cikin farar riga, uban da ya gudu ya bar su cikin baƙar kwat.

"Cire mini shi," in ji Gaston.

"Kai, tsoho," in ji Odile, "maganin nan bai san mai laifi ba. Idon mamanka ma baƙi ne, gashinta baƙi. Bari in kwafa, mu yi a kan kwafin."

"In kin kwafa, yana nan a na ainihin ke nan. Wannan nake so."

"To, in ta makance kada ka hana ni burodi."

Ta tsoma. Kwat ɗin ta tashi tana lilo cikin ruwa, idanun uwar ma suka soma ɗagowa. Gaston ya juya baya. Odile ta sa ɗan burushi mai laushi ta mayar da idanun mazauninsu, ta kwantar da gashin, ta goge fuskar uban. Kwat ɗin kuwa ba ta zubar ba. Ta jawo ta a hankali ta yafa wa uwar a kafaɗa.

Odile, ke ce mai hannun da ba ya rawa. Warin maganin ya ci miki ƙirji, likita ya ce ki rufe ɗakin, kin kuwa rufe. Mun gode. Matasan da ke son sana'ar nan, ku je ta nuna muku riƙon burushi tun tana iyawa, ku kuma buɗe taga.

Hoton yana rataye a gidan burodin. Duk wanda ya tambaya, Gaston cewa yake yi, "Gyalen da bai taɓa saya mata ba ne."