Salansar da Inna Ta Zaɓa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Baffa Habu, ƙanen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Na so in buɗe wannan rubutu da nutsuwa irin ta manya, amma gara in fara da wautar da na tafka a watan jiya, tunda duk unguwarmu a Daura ta riga ta sani, har da awaki.

Baffa ya bar babur a zauren gidanmu. Ba irin wanda ake acaɓa da shi ba ne. Ja ne, ɗan Italiya, irin na tsere, wanda in ka hau sai ka kwanta a kan tanki kamar mai ciwon ciki. Fataucin shanu ne sana'arsa, kuma daga Kudu ya taho da shi a bayan motar da ta sauke shanu. Da aka zo rabon gado, kakarmu, wadda muke kira Inna, ta ce a sa mata shi a rabonta. Inna ba ta gani tun kafin in yi wayo, ga hawan jini. Saboda haka Baba ya kafa doka: ba a tayar da babur ɗin a gida. Lokaci-lokaci Ɗanlami bakanike, abokin Baffa, yakan zo ya tura shi da hannu har shagonsa, ya tayar da shi a can don kada injin ya lalace, ya dawo da shi a kashe.

To ran nan Baba ya tafi gona a Sandamu, ni kuma na san inda ake ɓoye makulli. Na ce zan ɗan ji shi ne kawai in kashe. Ya tashi. Hannuna kuwa, ba tare da ya shawarce ni ba, ya murɗa mai sau biyu, bum, bum, daidai yadda Baffa yake yi in ya shawo kwanar layinmu don Inna ta san ya iso.

Kafin in kai hannu ga makulli na ji muryarta daga cikin gida: "Auta? Auta!" Haka take kiransa. Ta taso daga ɗaki ba sanda, tana lalube, ta manta da dokin ƙofa. Ban ji faɗuwarta ba saboda ƙarar injin. Salatin Umma na ji.

Goshinta ya fashe, jininta ya hau, sai da aka kwantar da ita a asibiti. Ina tsaye a bayan Baba likita ya ce masa, a shekarunta, kada a sake firgita ta. Da aka sallame ta muka dawo gida, na shirya wa duka, har na ninka wando. Baba bai taɓa ni ba, kuma da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Akwai wani mutumin Kano da ya daɗe yana nemansa. Ranar Asabar zai zo ya ɗauka." Babur na Inna ne, sai da yardarta za a sayar, amma kowa ya san yadda za a kwashe. Baba ɗanta ne na fari. Ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, balle ta yi masa musu.

A makon nan ne na yi ta tuna Baffa fiye da yadda na tuna shi a shekara huɗun gaba ɗaya. Lokacin da ya kawo babur ɗin, rabin Daura ya yanke hukuncin cewa shi ne ajalinsa. Dattawan majalisar bakin layi kullum sai sun yi masa nasiha, shi kuma ya cire hular kwano ya durƙusa ya saurara har su gaji. Ajali bai bi ta titi ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi da damina, ya cika a ɗakin Inna, babur yana zaure ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Abin da na fi tunawa shi ne ranar zaɓen salansa. Wadda babur ɗin ya zo da ita daga kamfani ta yi masa shiru da yawa, ya ce kamar an ɗaure wa zaki baki. Sai ya sa aka aiko masa da wasu guda biyu, ya zo da Ɗanlami da sifanoninsa, ya shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar darbejiya, ya ce ita ce alƙali. Ya ce ita za ta fi kowa jin wannan ƙarar, don haka ita za ta zaɓa. Ni lokacin ina firamare, aikina riƙe noti.

Aka fara ɗaura gajeriya, wata fara mai ƙyalli mai faɗin baki. Da ta yi tsawa ɗaya, kajin Umma suka tashi sama, ina jin wasunsu har yau suna Nijar. Inna ta toshe kunne ta ce, "Wannan ta marasa kunya ce. Cire." Aka mayar da ta kamfani don ta kwatanta, ta ce, "Wannan kuma tsoho ne mai mura." Sannan aka ɗaura doguwa, baƙa, mara nauyi, wadda muryarta take fitowa daga ƙasa kamar hadari yana nesa. Inna ta karkata kai tana saurare. Can ta ce, "Yauwa. Wannan tana magana, ba ta zagi." Shi ke nan, an gama zaɓe.

Haka ya bi da sauran kayan ƙawa. Ya sa ƙananan madubai a ƙarshen hannu don ya riƙa ganin baya da kyau, ya sa ƙarfen kariya a gefen injin. Ni na dage sai ya sa fitilu shuɗaye masu walƙiya a ƙarƙashin tanki, ya dube ni ya ce shi babur ya saya, ba ɗakin amarya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Daura ta yau. Yaran layinmu sun gano cewa in ka yanke bakin salansar ƙaramin mashin ka huda ta, za ta riƙa harbi kamar bindiga, kuma babu bikin da ake yi ba su tashi jariran unguwa uku ba. Ni kaina wayata cike take da hotunan salansa iri-iri, na san sunayensu fiye da yadda na san darasin kimiyya. Ina jin zai yi dariya, don shi ma yana son ƙara, kada wani ya mayar da shi waliyyi. Bambancin kawai, shi kafin ya zaɓi ƙara sai da ya tambayi mai jinta.

Daga wannan tunanin dabara ta zo mini. Idan muryar babur ce take tayar wa Inna da hankali, sai a sauya masa murya. In bai yi kama da na Baffa ba, ba za ta sake tasowa ba, kuma babu dalilin sayar da shi. Na ruga shagon Ɗanlami. Salansa biyun da Inna ta ƙi suna rataye a bango tun wancan lokacin, gizo-gizo ya yi gidan bene a cikinsu.

Na so in ɗauki gajeriyar, kuma ba zan yi ƙarya ba, don ita nake mafarkin hawa da ita. Ɗanlami ya ce, "Kai Sadik, firgita aka ce a daina, ba a ƙara ba. Wannan ko mai lafiya sai ta kai shi asibiti." Akwai ɗan toshi da ake cusa mata a baki don rage ƙara, muka neme shi har ƙarƙashin benci, ya ɓace. Sai ta kamfani ta rage, mai nauyi kamar turmi. Na sa ta a kafaɗa na taho gida ina tangaɗi, mutane suna tambayata ko yaƙi aka fara.

Da na faɗa wa Baba, ya dube ni. Ya ce, "Mutumin ma zai so ya ji tashinsa kafin ya ɗauka. Za a tayar sau ɗaya, a hankali, ba murɗa mai. Idan ta ko motsa daga gadonta, ya tafi. Kuma in wani abu ya same ta, ni da kai ne."

Asabar da hantsi mutumin Kano ya iso da motar ɗaukar kaya. Ɗanlami ya riga ya kwance baƙar salansa ya ɗaura ta kamfani. Umma ta zauna a ƙofar ɗakin Inna da ƙwayoyin magani a hannu. Baba yana tsaye a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ido ɗaya a kaina, ɗaya a ɗakin mahaifiyarsa. Na yi bisimilla na danna.

Ya tashi a hankali, yana ɗan gunaguni, tsoho mai mura sak. Babu abin da ake ji sosai sai ƙarar kulocinsa, wadda irin waɗannan babura suke yi, kamar ana kaɗa cokula a cikin kwano. Cikin gida shiru. Har na fara murmushi, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan siminti.

Baba ya runtse ido. Na kashe injin. Mutumin Kano ya fara gyara zaman hularsa. Inna ta fito, filasta a goshi, ta ture hannun Umma, ta tsallake dokin ƙofa a nutse, ta tako har zaure. Ta miƙa hannu ta shafa tanki, ta bi shi har baya, ta taɓa gefen salansa ta janye saboda ɗumi.

Ta ce, "Wa ya shaƙe shi?"

Ta juyo daidai inda nake, ban san yadda take yi ba. "Kai ne, mijin banza. Ka kayar da ni bai ishe ka ba, sai ka ɗaura masa wadda na ƙi?"

Na ce, "Inna, don kada ki gane shi ne."

"Kada in gane shi? Cokulan nan fa? Su ma ka cire su? Tun daga bakin titi nake jin su kafin ku ku ji komai."

Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, likita ya ce kada a firgita ki. Shi ya sa na ga gara a rabu da shi. Ga mai saye ma ya zo."

Ni dai ban taɓa jin ta ce masa a'a ba. Ta ɗora hannunta a kan kujerar babur. Da ta yi magana, bango ta fuskanta, kamar yadda take yi in da shi take.

"A gaya wa mai gidan nan, ban ruɗe ba. A cinyata yaron nan ya cika, ba wanda zai ba ni labarin mutuwarsa. Ran nan ƙafata ce ta riga hankalina tashi, don ba a sanar da ni ba. Shekara huɗu ina jin ana fitar da shi a ɓoye kamar kayan sata, ana dawo da shi, na yi shiru. Ban ce a sa mini shi a rabona don in hau ba. Likita ya ce kada a firgita ni, to a riƙa faɗa mini kafin a tayar. A mayar masa da muryarsa. Baƙo kuma a ba shi fura."

Baba bai ɗago kai ba sai da ta koma ciki. Da ya ɗago, idonsa ja. Ya ba mutumin Kano haƙuri, ya raka shi har mota.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da ya rage na Baffa shi ne jan babur ɗin nan da kowa yake leƙowa ya gani. Yanzu ina ganin abin da ya rage ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi nauyi. Mutum ne da ya gane cewa mahaifiyarsa ba za ta taɓa ganin abin da ya fi so ba, sai ya ba ta zaɓin ɓangaren da za ta iya ji. Mu muka zo da tausayinmu muka rufe shi da tamfol, muna ganin taimakonta muke yi. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, mu kuma Ya ƙara mana hankali, musamman ni.

A ranar Ɗanlami ya mayar da baƙar salansa. Makulli yanzu yana ɗaure a bakin zanen Inna. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci takan zauna a kan tabarma, ta kwance shi ta miƙo mini, in ce, "Inna, zan tayar," ta ce, "Tayar." Nakan murɗa sau biyu, in bar shi ya ɗan yi magana, in kashe, in mayar mata. Har yau ban hau shi ko zuwa bakin layi ba, kuma ta ce ba zan hau ba sai na yi gemu.