Karkatacciyar Gadar Kawu

Kawu ya tsufa a ofishin tsara birane, a teburin da ke bayan ƙofa, yana ja wa mutane layin filaye da rula. Bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Ko a gida, idan 'ya'yansa mata suka yi rigima kan ɗankwali, kowacce sai ya ja ta gefe ya ce ita ce da gaskiya. Shi ya sa da aka nemi wanda za a tura jami'a kwas kan tsara yankunan da suka ratsa iyakar ƙasashe, shugaban ofis ya zaɓe shi, don shi kaɗai ne tafiyarsa ba za ta ɓata wa kowa rai ba.

A can aka jefa shi rukunin ɗalibai sa'o'in 'ya'yansa, rabi daga ƙasarsu, rabi daga maƙwabciya. Ganin furfurarsa suka naɗa shi shugaba. Aikin da Farfesa ya ba su shi ne su tsara gada a kan kogin da ya raba ƙasashen biyu.

Ranar farko aka haɗa tebura, kowane ɓangare ya shimfiɗa taswirarsa. Sai ga hanyar wannan ƙasa ta iso bakin kogi ta gabas, ta waccan ta ɓullo can yamma, ko kallon juna ba sa yi.

"Taswirarku ce ta tsufa," in ji Dogo, ɗan ƙasarsu Kawu.

Mai Gilashi, jagorar ɗaya ɓangaren, ta ce, "Tamu ta tsufa? Ku da kuka zana makaranta a tsakiyar ruwa?"

Haka aka cinye zangon karatu. Yau gardamar taswirar wa za ta hau kan ta wa wajen liƙawa, gobe sunan wace ƙasa zai fara zuwa a bangon rahoto. Kawu dai sai raba biskit yake yana cewa, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana." Ciwon kai ya sa shi gaba, har matarsa ta ce masa a waya, "Malam, karatu ka je ko reno?"

Da ranar gabatarwa ta ƙarato ba a zana komai ba, ya zaro rularsa ya haɗa bakin hanyoyin biyu da wani dogon layi a karkace. Kowa ya ga ba a taɓa hanyar ƙasarsu ba, kowa ya amince.

Ya tsaya gaban aji ya nuna zanen. Farfesa ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Madalla! Ga gadar da ta mutunta kowa." Aka tafa. Wata ɗaliba ta tambaya ko babbar mota za ta iya shan wannan kwana, Farfesa ya ce wannan tambayar injiniyoyi ce, su kuwa a wani sashe suke.

Sai bayan an ba su makin gabatarwa, kafin su miƙa rahoto, aka kai su ganin wurin. Ashe kogin ya daɗe da ƙafewa. Babura na ƙetarewa ta inda suka ga dama, samari na buga ƙwallo, raga ɗaya a wannan ƙasa, ɗaya a waccan. Nan ne bakin Dogo da Mai Gilashi ya zo ɗaya: kada a sa wannan a rahoto. Kawu ya zauna kan dutse, kunya ta hana shi shiga hoto.

Ya dawo gida da takardar shaida, aka ba shi ofis mai fanka. Yanzu shi ake turawa duk taron da ake so a tashi lafiya ba a yanke komai ba, har ya yi 'yar ƙiba. Bara jami'ar ta gayyace shi ya jagoranci sabon rukuni. Ya amince, da sharaɗin a fara kai yaran su ga wurin da idonsu. Aka ce masa motar makaranta ba ta samuwa sai ƙarshen zango.